Haƙorin Mai Ƙaho

Likitar haƙori ta ce a cire. Mai Ƙaho ya ce a dakata tukuna. Ya daina ƙirga zuwansa wurinta, kuma kullum a nan suke tsayawa: ita tana nuna masa hoton dasashinsa a jikin allo mai haske, shi yana duban takalmansa.

"Baba, haƙorin nan ya mutu," ta ce. "Gawa kake yawo da ita a baki. In ka bar shi zai ja na kusa da shi."

"Na kusa da shin ma ba wasu mutanen kirki ba ne."

"Ba wasa nake ba. Zan sa maka na roba, babu wanda zai gane."

"Ƙaho zai gane."

Ta ajiye ɗan madubinta a faranti, ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta sha dogon karatu don ta ƙare a gardama da tsofaffi. Ta rubuta masa maganin zafi da na kumburi, ta ce daga wannan ba ta ƙara rubutawa. Haka ta ce wancan karon ma.

Haƙorin gaba ne, na sama, daidai inda bakin ƙahonsa na tagulla yake zama in zai busa. Wanda bai taɓa busa ba yana zaton da huhu ake yi. Huhu iska kawai yake bayarwa, ita kuwa kowane mai surutu yana da ita. Da leɓe ake busa, leɓe kuma da haƙori yake jingina. A cire wannan a dasa baƙo, sai mutum ya koma ɗan koyo, ya yi ta laluben muryar da ya sani tun yana saurayi. Yaro zai iya sake nemo ta. Mai shekarunsa kuwa, ranar da aka cire haƙorin, ranar aka rufe akwatin ƙahon. Ya san haka, ya kuma yarda. Abu ɗaya yake jira kafin nan: a kira shi.

Shekarun baya, tun kansa bai gama yin fari ba, shi ya busa taken wani fim na kasada. Labarin wasu matasa ne da suka tafi neman wani birni da tsaunuka suka haɗiye, tare da tsohon jagoransu mai ɗingishi. Duk lokacin da tsohon nan ya bayyana a kan tudu, sai sauran makaɗa su lafa, ƙaho ya tashi shi kaɗai. Taken bai da tsawo, amma ya shiga duniya. Wayoyi suka ɗauka, masu aski suka riƙa fito da shi, ƴan makaranta suka yi ta yi masa kisan gilla a ranakun bikin ba da kyaututtuka. Sunan wanda ya busa kuwa ya fito a can ƙarshen fim, bayan na masu dafa wa ƴan wasa abinci, lokacin da masu shara suka riga suka kunna fitilu.

A ƙarshen fim ɗin, tsohon jagora ya yanke igiyar gada yana kanta, don kada abokan gaba su cim ma yaran. Ya faɗa kwazazzabo, gajimare ya rufe shi. Yanzu ga shi an sanar da kashi na biyu. Mai tsara kiɗan bai canza ba, situdiyon ma shi ne dai. Mai Ƙaho ya daɗe da barin ƙungiyar makaɗan, amma a saninsa take na wanda ya fara busa shi ne. Ba a rubuta wannan doka a ko'ina ba. Shi ya sa ya yarda da ita sosai.

Yana zaune a saman wani bene tare da ƴarsa, Auta, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mahaifiyarta. Marigayiyar ta yi zaman aure da ƙahon nan ba tare da ta taɓa son sa ba. Takan ce ita mutum ta aura, aka haɗa mata da bututun famfo. Auta ba ta gaji bututun ba. Babban goge take kaɗawa, irin wanda ake tokarewa a ƙasa a riƙe tsakanin gwiwoyi, kuma tana cikin waɗanda aka ɗauka aikin sabon fim ɗin. An sa ta sa hannu cewa ba za ta gaya wa kowa komai ba. Idan za ta yi gwaji, sai ta rufe ƙofa, ta cusa tawul a ƙasanta, kamar tawul ya taɓa hana uba ji.

Wata rana da yamma yana wanke kofi a kicin, sai ya tsaya cak, ruwa na zuba a hannunsa. Daga ɗakinta wata murya mai kauri tana saukowa a hankali, taki bayan taki, ta huta, ta sake hawa. Ba irin abin da mutum zai yi fito da shi a hanya ba ne. Amma shi ya san ta kamar yadda mutum ya san matakalar gidansa. Ita ce shimfiɗa, wato kiɗan ƙasa da ake ɗora take a kai. A fim na farko, jerin masu manyan goge ne suka yi ta ƙasa-ƙasa, shi yana tafiya a samansu.

Ya kashe famfo. Lissafin ba shi da wuya. Babu wanda zai sa a yi shimfiɗa in ba shi da abin ɗorawa. Shimfiɗa ta dawo, take zai dawo. Take ya dawo, ƙaho zai dawo.

Suna cin abinci ya ce, "Abin nan da kike gogawa na san shi."

"Baba, na sa hannu."

"Ai ban tambaye ki ba. Gaya miki nake."

"To ni ban ji ba." Ta ɗago ta dube shi, ta mayar da ido kan farantinta. "Kuncinka ya ƙara kumbura."

"Ƙiba ce."

"Ta gefe ɗaya?"

"Da gefe ɗaya nake tauna."

Ba ta yi dariya ba. Ya ɗauka gajiya ce.

Kashegari ya nufi shagon gyaran kayan kiɗa, inda tsofaffin makaɗa suke zama su jira abin da ba su faɗa. Shagon ƙarami ne, yana warin man goge tagulla da manne. An rataye ƙahoni marasa maɓallai a bango, ga jita mai karyayyen wuya da mai ita bai dawo ba. Mai Gyara yana bakin teburinsa da tabarau a ƙarshen hanci. A kan benci kuma ga Sanƙo, wanda ya ƙare rayuwarsa yana dukan manyan ganguna a bayan ƙungiya, har kunnensa ɗaya ya yi ritaya kafin shi. Tallar sabon fim ɗin suke kallo a waya.

"Ga boka ya iso," in ji Mai Gyara. "Zo ka duba mana. Wane kiɗa za a zuba a wannan?"

"Ganguna ne," Sanƙo ya ce da ƙarfi, don shi bai san yana ihu ba. "Ganguna, da wata mace tana kuka da yaren da ba na kowa ba. Duk fim ɗin yanzu haka yake. Jarumi zai sha ruwa ma sai an doka masa."

"Wace ganga? Na'ura ce za ta yi duka," in ji Mai Gyara. "Yaro ɗaya da kwamfuta da kofin shayi. Ku dai ku yi ta zama."

"To in na'ura ce, kai me za ka gyara?"

"Ku. Kullum kuna nan a lalace."

Mai Ƙaho ya karɓi wayar, ya kalli tallar daga farko, ya miƙa musu. Tsaunuka, gudu, wuta, wani abu yana rugujewa, ganguna na bugawa.

"Kun ji taken tsohon a ciki?" ya ce.

"Babu."

"Ko ɗan gutsurensa?"

"Babu fa."

"To shi ne. Taken da duniya ta haddace, a yi talla ba a saka shi ba? Ɓoye shi aka yi. Ku saurara in gaya muku yadda za a yi. Rabin fim na farko ba za ku ji shi ba. Za a riƙa ɗan taɓo shi, a saki, don a ja muku rai. Sai yaran sun shiga uku, abinci ya ƙare, an kama ɗaya, sauran sun fara zagin juna, sannan ƙaho zai tashi daga nesa. A hankali, ba kamar da ba. Kuma za a ɗan sauke muryarsa, don mai shi ya ƙara tsufa."

"Ka ji! Har ya sauke masa murya don ta yi daidai da leɓensa," in ji Sanƙo. "Malam, mutumin nan fa ya faɗa rami. Da idona na gani."

"Ka ga gawarsa?"

"Gajimare ya rufe."

"To. A fim, wanda ba a nuna gawarsa ba yana nan yana shan iska a wani ƙauye, yana jiran a biya shi."

Mai Gyara ya yi dariya har tabarau ya zame. "Wannan duk zance ne. Kawo hujja."

Da Mai Ƙaho ya yi shiru da ya fi. Amma mutumin da ya daɗe ba a tambaye shi komai ba, ba ya iya riƙe amsa. Ya rage murya. "Na ji shimfiɗar da kunnena. A gidana."

Sanƙo ya juyo da kunnensa mai lafiya. "Auta? Tana da takardar kiɗa a gida?"

"Tana gwaji."

"Ikon Allah. Tun yaushe aka fara ba ƴan rakiya takarda su tafi da ita gida? Mu a zamaninmu sai ka zauna a kujera kake ganin abin da za ka kaɗa. Mutum ɗaya ake aika wa takarda tun kafin ranar, kai ma ka san ko wane ne. Kai aka aika wa wancan karon."

"Zamani ya canza. Yaran yanzu ba sa iya karanta takarda a gani ɗaya."

"Auta ce ba ta iyawa?"

"Sha shayinka, kurma."

Sanƙo ya sha shayinsa. Ya saki gardamar, abin da ba halinsa ba.

Daga ranar Mai Ƙaho ya shiga shiri. Da safe in Auta ta fita, sai ya haɗiyi magani, ya jira ya kama, ya ciro ƙahon daga akwati. Ya ɗiga wa maɓallan mai, ya ɗumama bakin a tafin hannunsa. Yakan fara da dogayen muryoyi na ƙasa, waɗanda ba sa neman komai wurin haƙori, sannan ya riƙa hawa a hankali kamar mai tsallaka ɗakin da wani yake barci. A tsakiyar taken akwai wata murya guda can sama, inda tsohon yake ɗaga sandarsa. Wata rana takan fito, wata rana ta tsage. Duk ranar da ta fito, zafin yakan bi ta hancinsa ya tsaya a bayan ido, sai ya zauna bakin gado yana murmushi da rabin fuska. Matar da ke hawan ƙasa kuwa ta ba da nata ra'ayin ta hanyar dukan silin da sandar tsintsiya.

Wayarsa kullum a cike take da caji, tana aljihun gaba. Ta yi ƙara sau da yawa. Asibitin haƙori ne suna tuna masa, sai wani kamfani mai son sayar masa da inshorar mota, shi da ba shi da ko keke. Bai kira ofishin da ke tara makaɗa ba. Wanda ya kira ya tambaya ko ana nemansa ya riga ya ba kansa amsa. Ya ce wa ransa manyan baƙi a ƙarshe ake gayyatarsu.

Abu ɗaya ne ya riƙa damunsa, shi ma ba nasa ba ne, na Auta ne. Yarinyar tana ɓata shimfiɗar. In tana gwaji, yakan tsaya a kicin yana bin ta da taken a cikin maƙogwaro, kuma kullum sai sun rabu a hanya. Takan riƙe murya fiye da kima. Takan tsaya inda ba wurin tsayawa ba, ta kumbura sauti har gilashin taga ya amsa. Ya yi shiru kwana da kwanaki, don ba ya son shiga aikin da ba a sa shi ba. Amma tunanin za ta je gaban mutane ta yi haka, a ce ƴar wane ce, ya hana shi sakat.

Ranar da abin ya ishe shi, rana ba ta faɗi ba tukuna. Ya tura ƙofarta ba tare da ƙwanƙwasawa ba, abin da bai yi ba tun tana ƴar makaranta. Tawul ya naɗe a ƙarƙashin ƙofar. Tana zaune a bakin taga, gogen a jikinta, ƙurar ƙaro ta yi fari a kan tsirkiyoyin.

"Ke, wa ya koya miki wannan?"

"Baba, lafiya?"

"Ina fa lafiya. Kina ja kamar an ce gobe ma rana ce. Wurin nan da numfashi ɗaya mai ƙaho zai haye shi. Kashe shi za ki yi? Ɗan rakiya ba ya zaɓar saurin tafiya. Ke kike bi, ba ke ake bi ba. Kuma ki rage murya, kin cika ɗaki. Wa ya zo jin ki?"

Ta kwantar da sandar gogen a cinyarta. "Haka aka ce in yi."

"Wa ya ce?"

"Shi mai tsara kiɗan."

"Shi ya ce ki danne ƙaho?"

Da ta yi magana, a hankali ta yi, kamar mai sauke kaya masu fashewa.

"Baba, babu ƙaho."

Ya ji maganar sarai. Amma ya tsaya kamar bai ji ba, ko za ta gyara.

"Wani aka ba," ya ce. "Yaron nan mai gashi a fuska."

"Ba a ba kowa ba."

"To sarewa ce. Dama na san zai iya wannan rashin kunyar."

"Babu kowa a sama, Baba. Ni kaɗai ce. Shi ya sa aka aiko mini da takardar."

Ya nemi abin zama, bai samu ba sai akwatin gogen, ya zauna a gefensa. Maganar Sanƙo ta dawo masa da ihunta. Ya san dokar nan tun ba a haifi yarinyar ba. Ya ji mai jagorancin kiɗa tana kaɗawa a gidansa, da tsayawarta da jan ranta, ya shigo yana yi mata faɗan ba ta iya rakiya ba.

"Tsohon fa?"

"Ya mutu. Tun a wancan fim ɗin ya mutu."

"Ba a nuna gawarsa ba."

"Ba a nuna ba. Amma ya mutu."

Ta ci gaba, tunda dai alkawari ya riga ya karye. Akwai wurin da yaran za su koma kan tudun nan, su tarar babu kowa. A nan za ta shigo, ita kaɗai, da shimfiɗar. Mai tsara kiɗan ya ce duk wanda ya kalli fim na farko zai ɗora taken da kansa, a cikin kansa. Ya ce in aka busa shi, mutane za su ji kiɗa; in ba a busa ba, za su ji rashin mutumin.

"Lallai," in ji Mai Ƙaho. "Ashe ma ina cikin fim ɗin. Zuwana ne kawai ba a bukata."

"Kullum sai in ce gobe zan gaya maka. Sai kuma na ji kana busawa da safe."

"Ya aka yi kika ji? Ai ba kya nan."

"Matar ƙasa ta tare ni a matakala. Ta ce in ba a daina ba za ta kai ƙara wurin mai gida."

Ya taɓa kuncinsa. Fushi ya zo masa, ya kuwa yi maraba da shi, don ya fi ɗayan abin sauƙin ɗauka.

"Wayon banza ne," ya ce. "Dabarar wanda tunani ya ƙare masa. Mutanen da ba sa iya riƙe lambar wayarsu ne za su riƙe masa take? Za su zauna suna cin gyaɗa suna jin goge yana gurnani, su ɗauka na'urar silima ce ta lalace. Tsaya ki gani."

Ya fita, ya dawo da ƙahon. Bai sha magani ba, bai ɗumama komai ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara kafaɗa.

"Goga. Yadda aka ce ki yi. Ki ji bambancin abu da inuwarsa."

"Baba, haƙorinka."

"Goga, na ce."

Ta ɗaga sandar. Muryar nan mai kauri ta fara saukowa, shi kuma ya shiga a inda ya saba shiga. Farkon ya yi kyau, kyan da ya ba shi mamaki shi kansa. Ya ga ta lumshe ido. Amma tafiyar tata ce yanzu, kuma doguwa ce. Iska ta fara ƙare masa tun ba a kai rabi ba. Ya matse leɓe don ya kamo muryar nan ta sama, haƙorin ya motsa a cikin dasashi, wani abu mai gishiri ya cika masa baki. Abin da ya fito daga ƙahon bai fi kukan ƙofa ba. Ya sauke shi.

Auta ba ta tsaya ba. Shi ya koya mata haka tun tana ƙarama: ko rufi ya faɗo, a kai ƙarshen layi.

Sai ya ji muryar. Ta tashi daidai inda ya faɗi, tsaf, babu ko gargada, ta tsaya a sama yadda ba ta taɓa tsaya masa ba cikin shekaru da yawa. Ƙahon yana rataye a hannunsa, yawu na ɗiga daga bakinsa kan tabarmar ƙofa. Babu mai busawa. Amma taken ya ci gaba da tafiya a kan shimfiɗar, da muryar wani mutum mai duka haƙoransa, har ya sauka inda yake sauka.

Ya ce wa kansa wannan ba hujja ba ce. Shi ya busa abin, dole ya ji shi. Yana cikin wannan sai ya lura ba shi kaɗai ba ne. Tagar a buɗe take. A barandar ƙasa matar tsintsiya tana kwashe shanya, tana rera taken ta hanci, ba ta ma san tana yi ba.

Auta ta kai ƙarshe, ta bar tsirkiyar ta mutu da kanta. Suka saurari matar tana ƙarasawa.

"Ta yi kuskure a tsakiya," ya ce.

"Baba."

"Mai tsara kiɗan ya yi daidai, ɗan banzan. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan." Ya goge baki da hankici, ya dubi jan da ya fito, ya ninke ya sa a aljihu. "Sake daga inda kike hawa."

Ta sake. Ya ɗaga yatsa.

"Nan. Kin haɗe shi. A nan nake jan numfashi. Ba a rubuta ba, amma duk wanda ya haddace taken ya haddace shi da wannan ɗan tsayawar. In kika wuce, za ki bar su a baya. Ki bar masa wuri."

Ta ɗauki fensir ta yi alama.

"Kuma ki rufe ƙofar nan," ya ce yana fita. "Kin sa hannu."

Likitar ba ta tambaye shi abin da ya canza ba; ta ga tsofaffi da yawa sun sauko, ta san ba a tambaya. Ta yi masa allura, ta jira, ta sa abin kamawa. Haƙorin da ya yi watanni yana karewa ya fito ba gardama, kamar dama jira yake a yi masa magana. Ta nuna masa shi a faranti, ɗan abu rawaya mai baƙin gindi. Ta cusa masa auduga, ta ce ya cije, kada ya yi magana, kada ya sha abu mai zafi.

Ya so ya wuce gida kai tsaye, amma hanyar ta gaban shagon take, kuma Mai Gyara ya hango shi.

"Boka! Shigo mana. An ce mako mai zuwa za su shiga situdiyo. Kana nan kan bakanka? Ƙaho zai tashi daga nesa?"

Mai Ƙaho ya tsaya a bakin ƙofa. Tun da yake duba a shagon nan, yau ce rana ta farko da ya san amsa tabbas, daga farkon kiɗan har inda za a ja numfashi. In ya faɗa, kafin yamma ta zaga gari, kuma kowa ya san daga wane gida ta fito.

Ya gyaɗa kai.

"Ka ji taurin kai! To ranar da fim ɗin ya fito tare za mu je, ni zan zauna kusa da kai. In ban ji ƙaho ba, har jikokinka sai sun ji labari."

Ya sake gyaɗa kai.

Sanƙo bai yi dariya ba. Yana kallon bakin abokinsa, inda leɓen sama ya ɗan turo, gefen audugar ya leƙo da ja a jikinsa. Ya kalla, ya kawar da kai. Ya matsa a kan benci ya bar wuri.

"Ku ƙyale mutum ya zauna," ya yi ihu. "Ganguna ne, na gaya muku. Kai kuma ajiye butar shayin nan, kawo masa ruwan sanyi."

Mai Ƙaho ya zauna. Suka ci gaba da gardamarsu a kansa, ɗaya na ganga, ɗaya na na'ura. Allurar ta fara sakinsa. Harshensa ya lallaɓa ta bayan audugar, ya tarar da fili, ya janye. Can kuma ya sake komawa.